Daga Mazari Zuwa Kantin Kwari: Tarihin Kayan Sallar Yaranmu

Duk wanda ya tashi ba da tarihin Sallah a Kano, daga kan doki yake farawa. Zai kawo Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ce tarihin sarakunan Kano ya nuna shi ya fara Sallar Idi a Shadakoko, shi ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Daga nan sai ya gangaro kan Hawan Daushe, ranar da Sarki ke zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, da Hawan Nasarawa, har ya iso watan Disamba na 2024 da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfaharinmu ne. Sai dai ni uwa ce mai ƙaramar yarinya, kuma Sallar da na sani tana somawa ne tun kafin a ga watan azumi, lokacin da zan zauna ina auna tsawon 'yata da ido, ina lissafin yadi nawa zai ishe ta bana. A 2020 annobar korona ta hana hawa. Bayan 'yan shekaru rikicin masarauta ya sake hanawa, dawakai suka yi Sallarsu a turke. Amma ban ji gidan da uwa ta ce tun da ba hawa, bana ba ɗinki ba. Wannan 'yar rigar ta yaro ita ma tana da tarihinta, kuma mata ne suka fi kowa saninsa, don a hannunsu ya faru.

Asalin abin a addini sananne ne. Malamai sun karantar da mu cewa ranar Idi ana so mutum ya yi wanka, ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su. Ba su ce dole sai sabo ba. Sabon al'ada ce ta ɗora shi, kuma da dalilinta. Tufatar da iyali nauyi ne a kan maigida, to a zamanin da zane ɗaya ke cin aikin watanni ba kullum ake ɗinki ba, sai aka tattara nauyin aka ajiye shi a kan rana guda da kowa zai fito a gan shi. Magidancin da Ƙaramar Sallah ta zo bai sauya wa matarsa zane ba, magana ce da kan kai gaban iyaye. Saurayin da ke neman aure ma, da toshin Sallah ake gane da gaske yake. Yara kuwa su ne na ƙarshe, abin da ya ragu a jikin na manya shi ake yi musu.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, a wani ƙauye na ƙasar Kura ta yi ƙuruciyarta a shekarun 1940. In tana ba da labarin Sallar yarintarta, tufafi ba su da yawa a ciki. Yaron da bai isa kaciya ba, bante ne rabonsa, in ubansa mai hali ne a ɗinka masa 'yar shara da hula. Yarinya kuwa jigida da ɗan guntun zane. Jariri laya da guru da kambu ne adonsa, zanen goyon uwarsa ya ishe shi sutura. Su kansu matan ƙauye ba su sa riga ba a lokacin, ɗaurin ƙirji suke yi, su yafa mayafi, su ɗaura kallabi. Yawancin kwalliyar Sallah a jiki ake yin ta. Tun ana saura kwanaki za a kwaɓa lalle a yi ƙunshi da ganye da tsumma, a kwana da shi. A yi kitso a shafe shi da shuni. Ran Sallah da asuba a cuɗe yaro da sabulun salo, a mulke shi da man shanu ko man kaɗe har ya riƙa sheƙi, a ranbaɗa masa kwalli. 'Yanmata su zana katambiri a fuska, su ci fure haƙora su yi ja. Maza kuma tun jajibere wanzami ya aske su, ya bar wa wani zanko, wani tukku.

Sallar da na fara kai mata 'yata cikin 'yar rigar kanti mai tattara da ƙyalƙyali, Iya ta ɗora ta a cinya, ta juyo wuyan rigar tana murza shi tsakanin yatsunta, ta dube ni ta ce, "Kishiya, wa ya kaɗa wannan zaren?" Na ce, "Iya, inji ne, daga ƙasar Sin aka kawo." Ta jinjina kai ta ce su a da, in aka kawo zare kasuwa, masaƙi da ya taɓa shi zai faɗi hannun da ya kaɗa shi. Daga wannan ranar na riƙa jan ta da hira a kan kaɗi, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakinta na fara jin sa kafin in gan shi a littafi.

In kaka ta wuce, hunturu ya shigo, aka tsince auduga, sai aikin mata ya tashi. Za a ɗora audugar a kan magurji, a riƙa murza ta da ɗan siririn ƙarfe har angurya ta fita, a ware ta don iri da abincin shanu. Sai a kawo bakan shiɓa, a yi ta kaɗa tsirkiyarsa a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, ba ƙulli ba datti. Sannan mace ta naɗe ta a hannun hagu, ta ɗauki mazari da gululunsa na yumɓu, ta dangwali alli don kada yatsu su yi santsi, ta murza mazarin a cikin 'yar taskira. Yana juyawa tana jan audugar sama a hankali, zare na fita, in ya kai tsawon hannu ta naɗe shi a jikin mazarin ta sake murzawa. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa arafiya, kuma shi ne ke nuna gwana. Iya ta ce da rana ba a samun sukuni, ga daka ga ɗebo ruwa ga girki, don haka yawancin kaɗi da daddare ake yin sa a gaban fitilar aci-balbal, yara sun kewaye ana tatsuniya. Yarinya kafin ta isa aure ta iya, don wadda ba ta iya kaɗi ba ana ganin uwarta ta yi sake.

In zare ya taru, sai a ba yarinya ko dillaliya ta kai kasuwa, ko kuma a kai wa masaƙi kai tsaye. Shi zai yi wadari, ya zauna a inuwa yana jefa ƙoshiya, ya fitar da ƙwarya siririya mai tsawo wadda faɗinta bai fi tafin hannu ba. Maɗinki ya harhaɗa ƙoren da allura su zama zane ko riga. Marini ya tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, ya fitar ya sha iska ya mayar, har ya yi duhun da ake so. Mabugi ya ɗora a kan gungume ya yi ta bugu da shuni har ya ɗauki ƙyalli. Manomi, mai kaɗi, masaƙi, maɗinki, marini, mabugi, kowannensu ya ci abinci a jikin zane ɗaya, kuma dukansu ba su wuce tafiyar yini daga juna ba. Mata ma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, mai fitar da saƙa mai faɗi, a nan ake yin gwado da majanyin goyo.

Akwai kuma wani lissafi da sai uwa ce za ta lura da shi. Auduga da lokacinta take zuwa, amma Sallah zagaya shekara take yi, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11. In ta faɗo bayan kaka, ga zare ga kuɗi, kowa ya yi sabo. In ta faɗo tsakiyar damina, auduga ta ƙare, rumbu ya yi ƙasa, maza suna gona, to sai wadda ta yi tanadi tun rani ce ɗanta zai fita da sabon abu. Saboda haka kayan Sallar yaro a wancan zamani shaida ne a kan tattalin uwarsa na wata da watanni. Kuma kuɗin zaren nata ne, maigida ba ya taɓawa. Da shi take sayen akuya, take tara wa 'yarta tasoshi da ƙore na kayan ɗaki, take yin biki in ƙawarta ta haihu. Macen da ke cikin kulle ba ta taka kasuwa ba, amma zarenta yana can kullum.

Abin bai tsaya a ƙauye ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Timbuktu ta yamma. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da aƙalla wuri miliyan 300, a lokacin da, a lissafinsa, wuri dubu 50 zuwa 60 kan riƙe iyali guda shekara cur, har da tufafinsu. Ya kuma yaba da cewa a gidaje ake wannan aiki, ba a tara mutane a masana'anta an raba su da iyalansu ba. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ita ce ta yi suna, amma karofi dubbai ne a garuruwan ƙasar Kano, kuma turkuɗin Kura har yau Buzayen Agadas suna nemansa don rawani. Duk wannan dukiya da zare ta fara, zaren kuwa mata ne suka kaɗa shi. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba: auduga da baba masu yawa a rinji aka noma su, da gumin bayi, kuma cikin masu kaɗin akwai kuyangin da ba su taɓa riƙe wurin zarensu ba. Wanda zai yi alfahari da arzikin wancan zamani, ya kamata ya tuna da su.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma da audugar a ransu suka zo. Tun 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don nemo wa injunansu auduga daga ƙasashen da suka mallaka. Burinsu a ɗebi audugarmu a kai Manchesta, a dawo mana da ita a matsayin yadi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kakkafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Da farko abin bai tafi yadda suka so ba, don masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, manoman Kano kuma suka juya ga gyaɗa. Amma jirgin da ke tafiya da gyaɗa ba ya dawowa wayam. Kantunan John Holt da GBO da UAC suka cika da akoko da alawayyo da atamfa, Kwara, 'yan kasuwa Larabawa, suka buɗe shagunansu a gefen Fagge, wurin da ya zama Kantin Kwari. Manomi ya sayar da gyaɗa ya riƙe sulalla, ga yadi mai faɗi mai araha wanda ba sai an harhaɗa ba, ga keken ɗinki ya shigo. A nan ne yaron talaka ya fara samun riga da wando na kansa ran Sallah, kuma ba zan ce wannan asara ba ce. Iya da kanta ta ce ranar da aka fara ɗinka mata riga ta atamfa, kasa barci ta yi don murna. Sai dai kowace atamfa da ta shigo gida, ta rage wa mazari aiki. Bai mutu farat ɗaya ba, ja da baya ya riƙa yi daga birni zuwa ƙauye, daga hannun 'yanmata zuwa hannun tsofaffi, har ya zamana abawar da ake ɗan kaɗawa ta lagwanin fitila ce da ɗinkin ƙwarya.

Zamanin mahaifiyata daban ne, kuma in ta tuna shi fuskarta sakewa take yi. A 1957 gwamnatin Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara da akoko. UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanonin Japan suka kafa Arewa Textiles, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata masu shiga aiki dare da rana. A Kano ma attajirai suka kafa nasu, irin su Gaskiya da Bagauda. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta samu inda za ta je a cikin gida, har ya zamana cikin masana'antun ƙasar nan babu wadda ta kai masaƙa ɗaukar ma'aikata. Naira ta zo a 1973, kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya faɗo a 1975, kasuwar tufafi ta buɗe. Manyan mata suna ɗaura Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa, alhazai suna sa shadda daga Turai, amma atamfar yau da kullum da ta yara 'yar Kaduna ce, kuma ba ta zuba ba ta kwaɓewa.

Matan wannan zamani sun rasa mazari, amma da yawansu sun samu keke. Singer ko Butterfly yakan shiga cikin kayan ɗakin amarya, wasu kuma suka kama ɗinkin hula. Mahaifiyata ita take ɗinka mana kayan Sallah da kanta. Ina iya tuna yadda take yi: in Baba ya kawo mata turmi, yadi shida, sai ta shimfiɗa shi a kan tabarma, ta fitar da zanenta da rigarta da ɗankwali, ta yi ta juya abin da ya ragu har sai ta ga inda rigata za ta fito. Ba ta taɓa yanka daidai jikina ba. Sai ta ƙara tsawo ta kalmashe shi daga ciki, baɗi ta warware kalmasar, shekara ta uku rigar ta zama kwancen ƙanwata. Ƙyallayen da suka zuba ma ba a zubarwa, da su ake yi wa 'yartsana zane. Sauran turamen da ta samu a lefe ko a biki kuwa suna cikin adaka da kafur, ba a taɓa su. Turmi a adaka kamar tunkiya ne a turke, in rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso sai a kira dillaliya ta fita da ɗaya.

Yadda masaƙun suka durƙushe ba ɓoyayyen labari ba ne. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake kunna tukunyar inji da shi ya yi wuya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kuma ko lokacin da aka mayar da shi, fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi bai tsaya ba. Masaƙun ƙasar Sin suka riƙa kwaikwayon zanen atamfarmu, har da tambarin gefe, suna sayarwa a farashin da ba wanda zai iya karawa da shi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka koma gida, wasu har suka rasu ba a biya su haƙƙinsu ba. A 2015 marinan Kano suka yi zanga-zanga har ƙofar gidan Sarki, suna kukan rinannen yadin waje ya raba su da sana'ar da suka gada. Kantin Kwari kuwa sai ƙara girma take yi, 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa sari, amma mafi yawan abin da ke cikin dilolin nan ba a ƙasar nan aka saƙa shi ba.

A nan ni da sa'o'ina muka tsinci kanmu. Iya ta kaɗa, Umma ta ɗinka, ni kuwa saya nake yi. Tun watan Rajab nake shiga adashi, in kwasa kafin azumi, don in aka bari goman tsakiya ta wuce farashi ya tashi, tela kuma ya daina karɓa. Cikin Kwari za ka ga mata irina da goyo a baya, ga rana ga azumi, ana ta ɗaga atamfa ana duba gefenta, mai shago yana rantsuwa ba ta zuba. Daga nan a nemi takalmi, da jaka, da ɗan tabarau, da agogon roba, da ribbon kitso. Wadda kuɗinta bai kai ba ta gangara Ƙofar Wambai ta zaɓi gwanjo mai kyau, ta wanke ta goge, kuma wallahi in yaro ya sa ba mai ganewa.

Sai kuma tela. Kowace uwa a garin nan ta san zaman benci a shagon tela daren jajibere, yaro ya yi barci a kafaɗa, janareta na ruri, ana ce mata, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, saura aiki da maɓalli." Na taɓa yin wannan zaman, raina kuma ya ɓaci. Amma da na dubi yaran shagon, idanunsu jajur don rashin barci, sun yi buɗa-baki a kan keke za su yi sahur a kansa, sai na ga su ma abin ya fi ƙarfinsu. Aikin shekara ne aka matse musu cikin wata guda, ga wuta babu, ga man janareta ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023. Tela shi ne kusan hannu na ƙarshe da ya rage mana a cikin jerin hannayen nan da ke cin abinci a jikin riga, kuma rigunan kanti da abayoyin da ake shigowa da su a ɗinke suna neman raba shi da nasa rabon.

Duk wannan wahala tana da inda take zuwa, kuma ba na yarda da masu cewa almubazzaranci ne kawai. Ran Sallah, in an sauko daga Idi an ci tuwo, yaro ne ɗan aiken gida. Shi za a ɗora wa kwanon tuwon Sallah ya kai maƙwabta, shi za a kai gidan kakanni, da gidan gwaggo, da gidan kawu, ya durƙusa ya yi barka da Sallah a ba shi goro. Washegari a kai shi kallon hawa in ana yi, ko Gidan Zoo, ko wajen mai hoto. A duk inda ya shiga, rigarsa ake fara dubawa, kuma da ita dangi ke gane halin da gidan yake ciki ba tare da an tambaya ba. Kaka ta ga jikanta tsaf, hankalinta ya kwanta. Yaron da uwarsa ta fita daga gidan ubansa, da kayan Sallarsa ake auna riƙon da matar uba ke yi masa. Maraya kuwa, a wannan rana ce yake gane ko yana da dangi. Na ga yadda 'yata take tashi tun kafin kiran assalatu tana tambaya ko gari ya waye ta sa kayanta, take tafiya tana kallon takalminta. Wannan farin ciki haƙƙinta ne, ba zan rage mata shi ba.

Abin da nake ƙi shi ne abin da mu manya muka ɗora a kai. A da kala ɗaya ce, yaro ya sa ta ran Sallah da washegari, a wanke ya sake sawa. Yanzu ana maganar kala uku, kala biyar, ta Idi daban, ta yamma daban, ga anko na gida, duk don a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp. Yarinya 'yar shekara huɗu ba ta san shaddar Getzner ba, ba ta san bambancin leshi mai tsada da mai araha ba. Abin da ta sani shi ne sabo ne, nata ne, kuma an ce ta yi kyau. Gasar tamu ce, kuma tana jefa magidanta cikin rance, tana haddasa faɗa tsakanin mata da miji a cikin watan da ya kamata a samu natsuwa. Tun da can Hausawa suka ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma sun faɗi haka ne a lokacin da bashin bai wuce na zane ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kuɗin ke tafiya. Kuɗin da Iya ta kashe a Sallah a garinsu ya kwana, wajen masaƙi da marini da mabugi. Nawa kuwa, in aka cire ɗan ribar mai shago da ladan tela, jirgin ruwa yake bi ya bar ƙasar.

Ba ina kiran a koma bante da jigida ba ne, kuma na san mazari ba zai tufatar da miliyoyin mutanen Kano ba. Tayar da masaƙu aikin gwamnati ne, kuma da wutar lantarki da irin auduga mai kyau da tsare iyaka zai fara. Amma akwai abin da ke hannunmu mu iyaye mata. Har yanzu ana saƙa a Minjibir, ana rini a Ƙofar Mata da Kura, ana sayar da saƙi da gwado da majanyi a Kurmi, kuma akwai mata a lunguna da ke ɗinka hula da allura suna ciyar da marayu da ita. Cikin kuɗin kala ta uku da ta huɗu, a cire na abu ɗaya a saya a wajensu: hular hannu ga yaro, rinannen zane ga yarinya, majanyin saƙa ga mai goyo. In an samu hali a tafi da yaron ya ga karofi da idonsa, ya ga yadda farin yadi ke fitowa kore-kore daga ruwan baba ya rikiɗe ya zama shuɗi a cikin iska. Wadda kuma take da tsohuwa a gida da ta taɓa riƙe mazari, in ta kai yara yawon Sallah bana kada ta tsaya a gaisuwa da karɓar goro. Ta zauna ta tambaye ta yadda ake gurza da shiɓa da kaɗi, ta kunna wayarta ta naɗi amsar, don masu wannan sani saura kaɗan.